Ƙofar da dafin gudawa ba ya iya rufewa

Wani dare cikin watan Agusta, damina ta yi tsakiya, ina aikin kwana a ɗakin ba da magani na asibitinmu, sai wani magidanci ya miƙo mini takardar likita ta taga. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, da gani a kan babur ya keto ruwan. Matarsa na zaune a kan benci a bayansa, ta rungume yaro ɗan kimanin shekara ɗaya da rabi cikin mayafi. Na duba takardar, na ɗauko ƙullin garin ORS guda huɗu da katin ƙwayar zinki, na soma yi masa bayanin yadda ake haɗawa. Bai bari na kai aya ba.

"Likita," in ji shi, don a wurin mutanenmu duk mai farar riga likita ne, "wai shi ke nan? Tun asuba yaron nan yake zawo, na baro gida cikin ruwan nan, a ce gishiri da sukari za a ba ni? Ai akwai su a gidana. Don Allah ka ba ni Flagyl, ko wanda zai tsayar da abin. Ko nawa ne zan biya."

Ban ga laifinsa ba. Uba ne da ya ga ɗansa yana laƙwas a gabansa, yana neman abu mai ƙarfi daidai da girman tsoronsa. Amma layi ya yi tsawo a bayansa, abin da na iya gaya masa bai wuce in ce, "Malam, ka yi haƙuri ka ba shi wannan, wallahi shi ne maganin." Ya karɓa ba don ransa ya so ba. Bayanin da na kasa yi masa a daren nan shi nake so in yi muku yau a tsanake, domin na lura wanda ya san abin da ke faruwa a cikin hanji ba ya ƙara raina wannan ƙulli.

Mu fara da lissafin ruwa. A kowace rana, kimanin lita 9 na ruwa ke bi ta hanjin baligi, wato kusan rabin jarka mai cin lita 20. Abin da ya ci ya sha bai wuce lita 2 a ciki ba. Sauran jiki ne da kansa ke zubo su don narkar da abinci: yawu, ruwan tumbi, ruwan matsarmama da makamantansu. Aro ne jiki ke bayarwa, kuma hanji ke maido masa da shi. Ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, an shimfiɗe cikinsa da 'yan tsiro-tsiro masu kama da gashin tawul, su ke tsotse mafi yawan ruwan. Babban hanji ya tsane ragowar. Abin da ke fita a bayan gida na mai lafiya bai fi cikin kofin shayi ba.

Hanji ba ya zuƙar ruwa kai tsaye. Gishiri yake ja, ruwa ya bi gishirin. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda ruwa ke tsattsafowa, to haka dokar take a cikin jiki: inda gishiri ya nufa, can ruwa ke bi. Idan gishiri ya shiga jini, ruwa ya bi shi ciki. Idan aka turo gishiri cikin ramin hanji, ruwa ya biyo shi waje. Gudawa, wadda ma'aikatan lafiya ke ƙidaya ta daga bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini, rushewar wannan lissafi ce. Ko dai hanji na zubar da fiye da kima, ko ya gaza tsotse abin da ya saba tsotsewa, ko duka biyun.

Yadda ƙwayoyin bakteriya masu cuta ke shiga ba magana ce mai daɗin ji ba, amma dole a faɗe ta: daga bayan gidan wani suke fitowa su shiga bakin wani. Rijiyar da aka haƙa daf da masai, ambaliyar da ta haɗa kwata da ruwan sha, ƙudan da ya tashi daga juji ya sauka kan tuwo, latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da ruwan lambatu, moɗar da kowa ke tsomawa cikin randa da hannunsa, hannun da ya wanke wa yaro kashi bai ga sabulu ba ya koma dama fura. Allah ya sanya mana masu gadi a hanya. Ruwan tumbi yana da tsamin da ke hallaka yawancinsu. A babban hanji kuma akwai tiriliyoyin bakteriya na gida, marasa cutarwa, waɗanda suka cika wuri suka cinye abinci, har baƙo ya rasa masauki. Shi ya sa ƙwayar kwalara sai ta shiga da yawan gaske kafin ta kama mai lafiya, galibi ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Ita kuwa Shigela, mai kawo atini, tana jure tsamin ciki, guda 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum. Don haka take zagaye yaran gida ɗaya bayan ɗaya ta hanyar hannu kawai.

Waɗanda suka tsallake masu gadi ba salo ɗaya suke yin ɓarna ba, kuma sanin bambancin shi ke nuna wane magani ya dace.

Akwai masu aika dafi. Babbarsu ita ce ƙwayar kwalara. Tana da wutsiyar da take iyo da ita ta ratsa majinar da ta lulluɓe bangon ƙaramin hanji, ta manne a jikinsa. Ba ta yi masa rauni, ba ta shiga jini. Dafi take saki, ya shiga cikin ƙwayoyin halittar bangon, ya danne wani makunni ya hana shi komawa. Daga nan sai su yi ta turo sinadarin kulorayid cikin ramin hanji babu tsayawa, sodiyam ya biyo shi, ruwa ya biyo su, kamar famfon da kansa ya lalace a buɗe. Wani masani ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya nuna haka a birnin Kolkata a 1959: ya tace ruwan da aka raini ƙwayar a ciki har ba ta saura, ya zuba tataccen ruwan a hanjin zomo, hanjin ya cika da ruwa. Ashe dafin kaɗai ya isa. Wannan ne dalilin da ya sa mai kwalara ke yin bayan gida fari kamar ruwan wankin shinkafa, babu jini, galibi babu zazzaɓi, amma idan ta yi tsanani baligi kan zubar da kusan lita guda a sa'a ɗaya. Wanda ya yi sallar asuba da ƙafarsa yana iya kasa ɗaga kai kafin la'asar. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Akwai kuma wani jinsi na ƙwayar da za ku gani a takardar gwaji an rubuta E. coli, wanda ke sakin dafi mai aiki irin wannan amma da sauƙi. Shi ke yawan kama yara a lokacin yaye, da matafiyan da suka sauka baƙon wuri.

Akwai kuma masu fasa bango. Shigela tana wucewa har babban hanji, ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar bangonsa, ta hayayyafa, ta riƙa ratsawa daga wannan zuwa na kusa da shi. Sojojin jiki su yi ca a wurin, faɗa ya kaure, bangon ya kumbura ya yi gyambo. Abin da ke fita a nan ba shi da yawa, amma yana haɗe da jini da majina, ga zazzaɓi, ga murɗar ciki, mutum ya yi ta zarya zuwa bayi yana nishi ba abin kirki. Salmonela da Kamfilobakta su ma kumbura hanji suke yi, kuma sun fi zuwa ta naman kaji da ƙwai da ba su dahu sosai ba, ko nonon da ba a tafasa ba. Wani jinsin E. coli yakan manne a bango ya share 'yan gashin da ke tsotsar ruwa da abinci, sai abin da yaro ya sha ya wuce kamar ta cikin bututu. Wani jinsin kuma, wanda ke zaune a hanjin shanu, yana da dafin da kan shiga jini ya taɓa ƙoda, musamman a ƙananan yara.

Kashi na uku ba sa ma buƙatar rayuwa a cikinku. A cikin abinci suke hayayyafa su bar dafinsu: shinkafar da ta kwana a tukunya cikin zafi, abincin bikin da aka dafa da hantsi aka raba da daddare, naman da hannuwa suka yi ta taɓawa. Tsakanin sa'a 1 zuwa 6 da ci sai amai ya taso, wani lokaci da gudawa, sau da yawa mutane da dama a tare. Ɗumame yana kashe ƙwayar amma ba ya lalata irin wannan dafi. Galibi cikin yini guda abin ke lafawa, kuma babu maganin kashe ƙwayoyin cutar da zai amfana, domin dafi ba rai gare shi ba balle a kashe shi.

Sai in ƙara da wata gaskiya: gudawar ƙananan yara da yawa ba ma ta bakteriya ba ce. Ƙwayar bairos ce, musamman wadda ake kira rota, kuma antibayotik ba ya taɓa ta ko kaɗan. Tun 2022 aka shigar da rigakafinta cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya, ɗigawa ake yi a baki.

Ko ta wace hanya aka bi, inda ake haɗuwa ɗaya ne: ruwa da gishiri suna barin jiki. Yaro mai nauyin kilo 10 da ya rasa lita guda ya rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wannan kuwa matakin haɗari ne. Jini ya ragu, zuciya ta yi ta bugawa da sauri don ta kai shi ko'ina, ƙoda ta daina yin fitsari. Sinadarin fotasiyam da ke zubewa ya bar tsoka da zuciya cikin rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 400,000 a kowace shekara, kuma ƙarewar ruwan jiki na kan gaba cikin abin da ke kai su ga haka.

A nan ne labarin ƙullin nan ya shigo. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa wadda sodiyam da sukarin gulukos ke shiga ta cikinta, amma sai sun zo tare. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara, duk ɓarnarsa, ba ya rufe wannan ƙofa. Ma'ana, ko hanji na tsakiyar zubar da ruwa, idan aka ba shi gishiri da sukari a daidai ma'auni, sukarin zai ja gishirin su shiga, ruwa ya bi su ya koma jini. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durama, 'yan uwan majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan shi ne abin da magidancin nan ya riƙe a hannunsa yana jin an raina masa hankali.

Duk wannan na san shi tun ina jami'a, na rubuta shi a jarrabawa. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ɗiyata tana da wata 14 gudawa ta kama ta. Hajiyarmu ta leƙa bakinta ta ce haƙori ne, kowane yaro da haka yake fitar da shi. Ban yi mata musu ba don ladabi, ko da yake na san fitar haƙori ba ta sa zawo mai ruwa. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe, da kai komai baki, da fara cin abincin gida, da raguwar kariyar da yaro ya samo daga uwa. Zuwa tsakar dare yarinyar ta yi sau bakwai. Maiɗakina ta dube ni idonta cike da ƙwalla ta ce, "Haba maigida, kai fa kake ba mutane magani. Taka 'yar ce za ka zuba wa ido?"

Akwai kwalbar antibayotik na yara a jakata. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗauko ta, na zuba ruwa har layin, na girgiza. Ina riƙe da ita na tuna tambayoyin da nake yi wa iyaye ta taga. Akwai jini? Babu. Jikinta da zafi sosai? A'a. Tana karɓar nono? Tana karɓa. Sai na ga cewa tsorona nake shirin yi wa magani da cikin 'yata. Na ajiye kwalbar, na haɗa ORS, muka zauna ni da uwarta muna ba ta cokali ɗaya bayan kowane minti ɗaya ko biyu, tsakani kuma tana shan nono. Ta yi amai, muka dakata minti goma, muka ci gaba a hankali. Gab da asuba ta jiƙa ƙyallenta da fitsari, ban taɓa murnar ganin fitsari irin ta ranar ba. Da gari ya waye na kai ta wurin likita ya duba ta, ya ce mu ci gaba da abin da muke yi, mu haɗa da zinki. Sai a kwana na huɗu abin ya tsaya. Har yau Hajiya na tsokanata wai ina rowar magani.

A daren nan na gane abin da ya sa ake raina ORS. Ba ya tsayar da gudawa, iyaye kuwa tsayawar suke so su gani. Aikinsa ya riƙe ran yaro har jiki ya kori cutar, bangon hanji ya sabunta kansa, abin da yake yi cikin 'yan kwanaki. Zinki ne ke rage tsawon ciwon da tsananinsa, ya kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa su biyun.

Antibayotik yana da ranarsa. Idan akwai jini a bayan gida, ko kwalara mai tsanani, ko yaro mai tamowa ko raunin garkuwar jiki, likita zai zaɓi wanda ya dace. Amma Flagyl da kowa ke nema ba ya kashe ƙwayar kwalara, ba ya kashe Shigela, ba ya taɓa rota. Inda yake aiki a gudawa shi ne kan wasu halittu na daban, irin su amiba da jiyadiya, kuma gwaji ke nuna su. Kafso ja da yalo da ake fasawa a zuba wa yara yana iya ɓata musu launin haƙori har abada. Duk antibayotik ɗin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana karkashe bakteriyan gida masu gadin hanji, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai gudawa mai tsanani da shan antibayotik ɗin kansa ke jawowa. Banda haka, ƙwayoyin da suka tsira suna koyon jure maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Shi kuwa maganin tsayar da gudawa, motsin hanji yake tsayarwa. Ruwan na ci gaba da taruwa a ciki ba a gani, ƙwayar da dafinta suna kulle tare da mai ciwon. Ba a ba ƙananan yara shi, ba a ba mai zawon jini ko zazzaɓi.

Ga abin da nake roƙonku. Ku ajiye ORS da zinki a gida kafin buƙata ta taso, musamman da damina. Ku fara bayarwa tun daga zawon farko. Ku karanta jikin ƙullin, domin wani na lita ɗaya ne, wani bai kai ba, ku zuba shi duka cikin tsaftataccen ruwa daidai yadda aka rubuta, abin da ya wuce sa'a 24 a zubar. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wato rubu'i zuwa rabin babban kofi. Daga shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Babba ya sha iya yadda zai iya. Idan babu ƙullin, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin gishiri a shafe cikin lita ɗaya kafin a samo shi. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, kada a maye gurbinsa da lemon kwalba, domin yawan sukarinsa janyo ruwa yake yi cikin hanji. Zinki miligiram 20 a kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10, kuma a cika kwanakin ko da zawon ya tsaya. Kada a janye nono, kada a hana abinci. Kunu, faten dankali, shinkafa mai laushi, ayaba, kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Amma ku ɗauki yaro zuwa asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan ya kasa sha ko ya ƙi nono, idan yana amayar da duk abin da aka ba shi, idan idanunsa sun faɗa ko maɗigarsa ta loɓa, idan kun tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, idan ya yi laƙwas yana wuyar tashi, idan ya daɗe bai yi fitsari ba, idan akwai jini ko zazzaɓi mai zafi, ko idan bayan gidan ya koma kamar ruwan shinkafa. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, da tsoho, da mai ciki, kada a jira da su. A kan hanya ma a ci gaba da bayarwa muddin yana iya haɗiya.

Ban sake ganin magidancin nan ba, kuma nakan tuna shi duk lokacin da hadari ya haɗu ina aikin kwana. Abin da na sauya tun bayan ciwon 'yata shi ne, idan na ga uwa da yaro a kan bencin nan, nakan fito in haɗa mata kofin farko da hannuna, in tsaya har ta ba shi cokali biyu ko uku a gabana. Layi yakan yi gunaguni, ina ba su haƙuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.